Ƙungiyar Red Cross ta Najeriya: Asalinta, Girmanta da Abin da Ya Shafe Mu a Jigawa

Idan damina ta yi tsakiya, wato daga watan Agusta zuwa Satumba, mu mazauna Dutse da garuruwan tsakiyar Jigawa mun san labarin da yakan biyo baya. Kogin Haɗeja ya cika ya batse, ruwa ya shanye gonakin shinkafa da gero, gidajen ƙasa sun zube, iyalai sun kwashe 'yan komatsansu sun koma azuzuwan makarantun firamare. A irin wannan lokaci ne mukan ga waɗansu matasa, maza da mata, sanye da riguna masu alamar jan gicciye, suna rubuta sunayen waɗanda abin ya shafa, suna ɗaure rauni, suna raba tabarmi da gidajen sauro da bokitai.

Da yawa daga cikinmu mun ɗauka cewa wannan ƙungiya ta ikkilisiya ce, saboda alamar da muke gani a ƙirjinsu. Waɗansu maƙwabtanmu Musulmi ma haka suka ɗauka, har wani yakan yi jinkirin karɓar taimakonta. Wannan zato kuskure ne, kuma kuskure ne mai tsada, gama yakan hana mabukaci miƙa hannu, yakan kuma jefa ran mai ba da agaji cikin haɗari. Saboda haka bari mu bi tarihin ƙungiyar daga tushe, mu ga inda ta fito, yadda ta iso ƙasarmu, yadda ta girma, da abin da ya kamata mu yi da ita.

Daga filin yaƙi aka fara

A ranar 24 ga Yuni 1859 aka gwabza yaƙi kusa da wani gari mai suna Solferino a arewacin Italiya. Sojojin Faransa da na Sardiniya suna gefe ɗaya, na Ostiriya suna ɗaya gefen. Kafin dare ya yi, kimanin mutum 40,000 sun mutu ko sun ji rauni. Likitocin soja kaɗan ne, magani kaɗan, ko ruwan sha babu isasshe. Dubban masu rauni suka kwana a fili ba mai duba su.

A ranar ne wani ɗan kasuwa daga birnin Geneva na ƙasar Suwizalan, mai suna Henry Dunant, ya iso yankin. Harkar kasuwancinsa ta Aljeriya ce ta kawo shi, yana neman ganin sarkin Faransa, Napoleon na Uku. Abin da idonsa ya gani ya sa ya ajiye maganar kasuwanci. A garin Castiglione da ke kusa, an shimfiɗe masu rauni a cikin babbar majami'ar garin da kan tituna. Dunant ya tattara matan garin suka shiga wanke raunuka, suna ba da ruwa, suna rubuta wa iyalan masu mutuwa wasiƙu. Abin lura shi ne ba su tambayi kowa ɓangaren da ya yi wa yaƙi ba. Sun ɗauki Bafaranshe da mutumin Ostiriya a matsayin 'yan'uwa.

A 1862 Dunant ya wallafa littafi a kan abin da ya gani, ya kawo shawara biyu. Ta farko, kowace ƙasa ta kafa ƙungiyar masu aikin sa-kai tun ana zaman lafiya, a horar da su, domin su kasance a shirye ranar da masifa ta zo. Ta biyu, ƙasashe su ƙulla yarjejeniya cewa ba za a taɓa mai rauni ko mai jinyarsa a filin yaƙi ba. A 1863 shi da waɗansu mutum huɗu na Geneva, wato Gustave Moynier, Janar Dufour, da likitoci biyu, Louis Appia da Théodore Maunoir, suka kafa kwamitin da daga baya ya zama ICRC. A ranar 22 ga Agusta 1864 ƙasashe 12 suka sa hannu a Yarjejeniyar Geneva ta farko.

Dunant kansa bai ci ribar duniya da wannan aiki ba. Kasuwancinsa ya karye a 1867, ya bar Geneva cikin bashi, ya yi shekaru cikin talauci har mutane suka manta da shi. Sai a 1901 aka ba shi lambar yabo ta Nobel ta zaman lafiya, wadda a shekarar aka fara bayar da ita, tare da wani Bafaranshe Frédéric Passy. Ya rasu a 1910. Ranar haihuwarsa, 8 ga Mayu, ita ce ake kiyayewa kowace shekara a matsayin ranar Red Cross da Red Crescent ta duniya.

Maganar alama

Gaskiya ne Dunant ya tashi a gidan masu bi, kuma yana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar matasa ta YMCA a Geneva. Amma ƙungiyar da ya assasa ba a ɗora ta a kan wata ɗarika ko wani addini ba. Abin da ake bukata a filin yaƙi shi ne alama mai sauƙin zanawa, wadda soja zai hango daga nesa ya janye bindiga. Tutar Suwizalan farin gicciye ne a kan jan ƙyalle. Sai aka juya launukan, aka sami jan gicciye a kan farin ƙyalle. Yarjejeniyar Geneva da aka sabunta a 1906 ta bayyana cewa an yi haka ne don girmama Suwizalan.

Duk da haka, ba kowa ya karɓi wannan bayani ba. A lokacin yaƙin Rasha da Daular Usmaniyya ta Turkiyya, tsakanin 1876 da 1878, Turkawa suka ce alamar tana sosa ran sojojinsu, suka ɗauki jan jinjirin wata. A 1929 aka amince da jinjirin watan a hukumance, da daraja ɗaya da gicciyen. A 2005 aka ƙara alama ta uku, mai kusurwa huɗu a tsaye kan tsininta, domin ƙasar da ba ta son ko ɗaya cikin biyun.

A yau Saudiyya, Masar, Turkiyya, Aljeriya da Libiya suna amfani da jinjirin wata. Amma mu lura da wannan: maƙwabciyarmu Jamhuriyar Nijar, inda kusan kowa Musulmi ne, jan gicciye take amfani da shi. Haka Mali da Senegal. Haka ma Indonesiya, ƙasar da ta fi kowace yawan Musulmi a duniya. Wanda ya tsallaka iyaka daga Maigatari zai tarar da alamar nan a motocin agaji a Damagaram da Maraɗi, kuma masu tuƙa su 'yan ƙasar ne. Dokar ƙungiyar ita ce ƙasa ɗaya, ƙungiya ɗaya, alama ɗaya. Ba a yarda a raba ta gida biyu, ɗaya na Kirista ɗaya na Musulmi ba.

Saboda haka bai dace mu riƙa nuna alamar a matsayin tamu ba. Duk lokacin da muka ce wa maƙwabci "ai ƙungiyarmu ce", muna rage mata kariyar da take ba ma'aikatanta a wuraren da rikici ya yi tsanani.

Yadda ta iso Najeriya

Tarihin da ƙungiyar take bayarwa ya nuna cewa aikinta a ƙasar nan ya soma ne a 1917, lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya. A shekarar aka shirya wasan gargajiya na Adamu Orisha a Legas don tara kuɗin taimakon sojojin da suke dawowa daga fagen fama. Sojojin Najeriya sun yi yaƙi a Kamaru da Gabashin Afirka a wancan lokaci, kuma da yawansu 'yan Arewa ne.

A 1951 aka buɗe reshen Red Cross ta Birtaniya a Legas. Reshe ne kawai, shugabancinsa na can Ingila. Da 'yancin kai ya zo a 1960, majalisar ƙasa ta yi dokar da ta kafa ƙungiyar Red Cross ta Najeriya mai cin gashin kanta. A 1961 kwamitin Geneva ya amince da ita, ta kuma shiga tarayyar ƙungiyoyin ƙasashe. Dokar ta ba ta matsayin mataimakiyar hukuma a harkar jinƙai. Ma'anar wannan ita ce tana aiki kafaɗa da kafaɗa da gwamnati, amma ita ba ma'aikatar gwamnati ba ce, kuma tana da ikon ƙin duk wani umurni da ya saɓa wa ƙa'idodinta.

A nan ya kamata mu bambanta abubuwa uku da mukan haɗa su a baki ɗaya. Akwai ICRC, kwamitin Geneva, wanda aikinsa ya shafi yaƙi da rikicin makamai: ziyartar fursunoni, jinyar masu rauni, neman waɗanda suka ɓace. Akwai tarayyar ƙungiyoyin ƙasashe, wadda aka kafa a Paris a 1919, aka sauya mata suna zuwa IFRC a 1991. Ita ce take haɗa kan ƙungiyoyi fiye da 190 idan ambaliya, fari, girgizar ƙasa ko annoba ta fi ƙarfin ƙasa guda. Sa'an nan akwai ƙungiyar ƙasa, wato tamu ta Najeriya. Matasan da muke gani a Dutse 'yan wannan ta uku ne.

Gwajin yaƙin basasa

Ƙungiyar tana da shekara bakwai kawai yaƙin basasa ya ɓarke a Yuli 1967. Shugabanta a lokacin shi ne Alƙalin Alƙalan ƙasa, Sir Adetokunbo Ademola. Da aka toshe hanyoyin shiga yankin Biyafara, yunwa ta faɗa wa jama'a, musamman yara, waɗanda cutar kwashiyoko ta kumbura musu ciki ta canza launin gashinsu. ICRC ta jagoranci aikin agaji mafi girma da ta yi tun bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Jiragen sama suna sauka da dare a filin Uli, wanda asalinsa titin mota ne aka faɗaɗa. Haɗaɗɗiyar ƙungiyar ikkilisiyoyi mai suna Joint Church Aid ita ma tana da nata jiragen.

Aikin bai tafi sumul ba. Gwamnatin tarayya tana zargin cewa jiragen dare suna ba masu safarar makamai mafaka. Hukumomin Biyafara kuma sun ƙi yarda da hanyar ƙasa. A ranar 5 ga Yuni 1969 jirgin yaƙin Najeriya ya harbo wani jirgin agaji na Red Cross, waɗanda ke cikinsa suka mutu. A cikin watan ne gwamnati ta kori babban wakilin ICRC, August Lindt, ta kuma sanar da karɓe ragamar tsara agaji daga hannun kwamitin. Daga nan nauyi mai yawa ya koma kan ƙungiyar Red Cross ta Najeriya. Da yaƙi ya ƙare a Janairu 1970, ita ce ta riƙe aikin ciyarwa da jinya a yankunan da yaƙin ya ɗaiɗaita cikin watannin da suka biyo baya. A nan ne ta tashi daga ƙaramar ƙungiyar birane ta zama wadda ta iya sarrafa rumbuna, motoci da dubban ma'aikata.

Wannan yaƙi ya haifar da wata muhawara da har yau ba ta ƙare ba. Waɗansu likitocin Faransa da suka yi aiki a Biyafara, cikinsu har da Bernard Kouchner, sun ga cewa shirun da Red Cross take yi a kan abin da ta gani bai dace ba. A 1971 suka shiga cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar likitoci ta MSF. Wannan ƙungiya ce take aiki a babban asibitin Jahun tun 2008, tana kula da masu haihuwa da masu yoyon fitsari. Ke nan wani reshe na tarihin Biyafara yana nan a bakin ƙofarmu.

Ƙa'idodi bakwai

A 1965, a birnin Vienna, aka tabbatar da ƙa'idodi bakwai da kowace ƙungiyar ƙasa take bi. Ga su a taƙaice.

Ta ɗaya, jinƙai: a rage wahalar ɗan Adam a duk inda aka same ta, a kiyaye ransa da mutuncinsa.

Ta biyu, rashin nuna bambanci: ba a duba addini, ƙabila, jam'iyya ko arziki. Wanda bukatarsa ta fi tsanani shi ake fara dubawa.

Ta uku, rashin ɗaukar ɓangare: ƙungiyar ba ta shiga faɗa, ba ta sa baki a gardamar siyasa ko ta addini.

Ta huɗu, cin gashin kai: tana taimaka wa hukuma, amma ba ta zama karen farautarta.

Ta biyar, aikin sa-kai: ba don neman riba ake shiga ba.

Ta shida, haɗin kai: ƙungiya ɗaya a ƙasa, ƙofarta a buɗe ga kowa, aikinta ya kai ko'ina.

Ta bakwai, gama-gari: ƙungiyoyin ƙasashe duka darajarsu ɗaya, kuma wajibi ne su taimaki juna.

Ta uku ce ta fi yi mana wuyar haɗiyewa. Wanda aka ƙone gidansa, ko aka kashe masa ɗan'uwa, yakan so duk wanda ya ga abin ya fito fili ya faɗi sunan mai laifi. Idan ya ga Red Cross tana jinyar wanda ake zargi da kai harin, a gado ɗaya da wanda aka kai wa, ransa yakan ɓaci. Wannan ɓacin rai abin fahimta ne. Amma mu duba abin da shirun yake saya. ICRC tana kai ƙorafinta ne kai tsaye ga masu riƙe da makamai, a asirce. Da tana shelar abin da ta gani a rediyo, da an rufe mata ƙofar kurkuku da ta daji. A Oktoba 2016, lokacin da aka sako 'yan matan Chibok 21, da kuma Mayu 2017 da aka sako 82, ICRC ce ta tsaya a tsakani ta ɗauko su, domin ɓangarorin biyu sun yarda ba ta goyon kowa. Faɗin gaskiya a fili da neman shari'a aiki ne da ya zama dole a yi, kuma akwai masu yinsa: kotuna, 'yan jarida, shugabannin addini, masu kare haƙƙin ɗan Adam. Red Cross ta zaɓi wani aikin dabam, wato ta isa inda mai rauni yake.

Wannan zaɓi yana da farashi. A ranar 17 ga Janairu 2017 jirgin yaƙin Najeriya ya jefa bam bisa kuskure a sansanin 'yan gudun hijira na Rann a jihar Borno. Cikin waɗanda suka mutu har da ma'aikatan Red Cross ta Najeriya shida da suka kai abinci. A Maris 2018 aka sace waɗansu ungozoma biyu masu aiki da ICRC a garin, aka kashe ɗaya a Satumba, ɗayar a Oktoba. Dukansu Musulmi ne, 'yan Arewa, suna karɓar haihuwa a ƙarƙashin alamar jan gicciye. Duk mai cewa ƙungiyar ta addini ɗaya ce, ya tuna da su.

Yadda ta yaɗu har ta iso Dutse

Girman ƙungiyar ya bi girman taswirar ƙasar. Duk lokacin da aka ƙirƙiro sabuwar jiha, sai a buɗe sabon reshe. Jigawa ta fita daga tsohuwar jihar Kano a ranar 27 ga Agusta 1991, Dutse ta zama babban birni, reshen jihar kuma ya zauna a nan. A yau hedikwatar ƙasa tana Abuja, akwai reshe a kowace jiha cikin 36 da kuma babban birnin tarayya. Ƙarƙashin reshen jiha akwai rassan ƙananan hukumomi, sai ƙananan rukunoni a unguwanni, makarantu da manyan makarantu. Ƙungiyar tana cewa masu aikin sa-kai nata sun haura 800,000 a faɗin ƙasar.

Aikin ma ya faɗaɗa. Da can an fi saninta da taimakon gaggawa a filin wasa da wuraren taro. Yanzu tana shiga gida-gida wajen wayar da kai a kan rigakafi, tana koyar da tsabtar ruwa lokacin kwalara, ta yi aiki a annobar mashaƙo da ta addabi Arewa a 2023. Tana kafa ƙungiyoyin iyaye mata da ke koyon auna hannun yaro don gane tamowa tun da wuri. Maimakon buhun hatsi kawai, sau da yawa yanzu kuɗi ake ba magidanci ya sayi abin da gidansa ya fi bukata a kasuwar garinsu, abin da ke taimakon 'yan kasuwar wurin ma. Akwai kuma aikin sada iyalai. ICRC da ƙungiyar ƙasa suna riƙe da sunayen mutum fiye da 20,000 da danginsu suke nema a Najeriya, mafi yawa saboda rikicin Arewa maso Gabas, kuma fiye da rabinsu yara ne lokacin da suka ɓace. Wannan hidima kyauta ce. Idan a cikinmu akwai wanda ya yi gudun hijira daga Borno, Yobe ko Adamawa, har yau bai san inda ɗansa ko matarsa take ba, ofishin reshen jiha wuri ne da zai fara tambaya.

Dalilin da Jigawa take bukatarta

Jiharmu shimfiɗaɗɗiya ce, ruwa ba ya saurin wucewa. Kogin Haɗeja yana ɗauko ruwansa daga jihar Kano, inda madatsun Tiga da Challawa suke. Idan ruwan sama ya yi yawa, madatsun suka cika suka tumbatsa, sai ruwan ya gangaro ta Ringim, Taura, Jahun, Miga, Kafin Hausa, Auyo har Haɗeja da Guri. Ciyawar kacala da ta toshe hanyoyin ruwa tana ƙara tsananta abin, domin ruwan yakan rasa mafita ya fantsama cikin gonaki da gidaje. Ga kuma gidajen ƙasa da ba sa jure ruwan kwana da kwanaki, ko da nesa suke da kogi.

A 2012 ambaliya ta kashe mutum 363 a faɗin ƙasar, ta raba fiye da miliyan biyu da gidajensu. A 2022 waɗanda suka mutu sun haura 600, kuma Jigawa tana cikin jihohin da abin ya fara taɓawa, inda aka rasa rayuka fiye da 100. A irin waɗannan shekaru hukumar NEMA, wadda aka kafa a 1999, da hukumar agajin gaggawa ta jiha su ne ke jan ragama, Red Cross kuma tana aiki tare da su. Amfaninta na musamman shi ne mutanenta 'yan gari ne. Kafin motar Abuja ta iso, kafin a gyara gadar da ta karye, su suna wurin.

Ambaliya ba ita kaɗai ba ce. Bayanta kwalara da zazzaɓin cizon sauro sukan biyo. Babbar hanyar Kano zuwa Maiduguri da ta ratsa Shuwarin da Kiyawa ba ta rasa haɗarin mota. Ba mu manta da daren 15 ga Oktoba 2024 ba, lokacin da tankar mai ta faɗi a Majiya ta ƙaramar hukumar Taura, mutane suka taru kwasar mai, ta yi bindiga, fiye da mutum 150 suka rasu. A irin wannan sa'a, abin da na kusa ya yi cikin mintocin farko yakan raba rai da mutuwa. Mai horo ya san cewa ƙuna ruwa mai tsabta ake kwarara mata na kusan minti 20, ba a shafa mata ƙwai, man goge baki ko baƙin mai. Ya san jini mai zuba dannewa ake yi da ƙyalle mai tsabta. Ya san ba a fizgo wanda ya yi haɗari yadda aka ga dama, don kada a ƙarasa karya masa wuya ko gadon baya. Ya kuma san abu na farko shi ne nisanta jama'a daga inda mai ya zube.

Inda take da rauni

Kada mu ɗauka ƙungiyar ba ta da matsala. Babban kaso na kuɗin manyan ayyukanta daga waje yake zuwa, ta hannun IFRC, ICRC da ƙungiyoyin waɗansu ƙasashe. Idan hankalin masu bayarwa ya koma wani yaƙin, sai aiki a nan ya ragu. ICRC kanta ta rage kasafinta da ma'aikatanta a 2023 saboda ƙarancin kuɗi. Kayan da ake kawowa ba sa isar kowa, shi ya sa ake zaɓen waɗanda suka fi galabaita, kamar gwauraye, tsofaffi, masu ciki da naƙasassu. Wanda bai ga sunansa ba yakan yi zargin son kai. Inda aka ga an karkatar da kaya, daidai ne a kai ƙara ofishin reshe. Akwai kuma matasan da suke shiga da tsammanin albashi, in ba su samu ba su watse. Ƙungiyar da aka gina a kan sa-kai ba za ta yi ƙarfi ba sai mutanen wurin sun ɗauke ta tasu, sun ba ta lokacinsu da kuɗinsu.

Abin da ya rage gare mu

Na farko, mu koyi taimakon gaggawa. Muna da Zumuntar Mata, ƙungiyoyin matasa, Boys' Brigade da Girls' Brigade. Kowace majami'a za ta iya neman masu horarwa daga reshen Dutse, ta ware mutum biyar ko goma su koya, ta kuma ajiye akwatin magani da ake dubawa lokaci lokaci. Maƙwabtanmu suna da 'yan agaji na Jama'atu Nasril Islam, na Izala da na Fityanul Islam, kuma ranar haɗari duk a wuri ɗaya ake haɗuwa.

Na biyu, wanda ya shiga ƙungiyar ya shiga da sharuɗɗanta. Bangaskiyarsa ce za ta iya zama abin da ya motsa shi, kamar yadda misalin Basamariye ya motsa mutane da yawa. Amma idan ya sa rigar, ba wurin wa'azi ba ne, ba wurin yaƙin neman zaɓe ba ne, ba kuma wurin fifita ɗan ikkilisiyarsu a layin rabo ba ne. Wanda ya yi haka ya ci amanar da ta sa ake buɗe wa rigar ƙofa a kowane gida.

Na uku, mu kiyaye alamar. Dokar ƙasa ta hana amfani da ita ba da izini ba. Kada mu zana jan gicciye a kan farin fenti a ɗakin shan magani na ikkilisiya, ko kantin magani, ko motar ɗaukar marasa lafiya mai zaman kanta. Idan alamar ta cika ko'ina, mai bindiga zai daina ganin girmanta.

Na huɗu, mu shirya tun kafin ruwa ya sauko. Shawarar Dunant ta farko ke nan: a yi horo ana zaman lafiya. Watannin rani, bayan an gama girbi, su ne lokacin da ya dace dattawan ikkilisiya su zauna da mai unguwa da limamin unguwa, a san tudun da za a gudu, a san gidajen tsofaffi da marasa lafiya da za a fara fitarwa, a yashe magudanan ruwa, a kuma rubuta sunayen waɗanda suka sami horo domin kowa ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa.